Gwaibar da na dasa a lambun Yaya Sabo

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Yaya Sabo, mai lambun mangwaro a Inkil. Na so a ce addu'a kawai zan rubuto, amma wallahi hankalina ba a kwance yake ba.

Mutum ne mai naci. Ya jera gwangwanayen fenti a bayan ɗakinsa, kowanne da yashi a ciki, an ɗaure bakinsa da tsumma. Wannan ya jefa masa ruɓaɓɓen mangwaro mai tsutsa, wancan gwaiba, wancan lemon tsami, sai ya jira ya ga ƙudan da tsutsar za ta zama. Muka laƙaba masa Likitan Tsutsa, muna ta sheƙa dariya. Shi kuwa ya ce ta lemon tsami yawanci mutuwa take yi, ta gwaiba ko ƙiba take yi, ta riƙa da wuri. In mangwaro ya ƙare, a gwaiba ƙudan ke ci gaba da haihuwa har shekara ta zagayo.

Rannan sai ya sare gwaiba huɗun da Innarmu ta dasa da hannunta. Na taso daga gidana a Fadaman Mada a fusace, na ce, “Haba Yaya! Saboda tsutsa za ka share sawun Inna?” Ya ce, “Inna ba za ta so jikokinta su kwana da yunwa ba.” Ban sake taka lambun ba har ya bar duniya.

Ko arba'in ba a yi ba na sa aka dasa shida a gurbinsu. Matarsa Binta tana takaba, kallona kawai ta yi.

Tun da suka fara 'ya'ya, tsutsa ke ƙaruwa duk shekara. Makon jiya dillalin da ke sayen mangwaron ya yanka biyar a gabanmu, huɗu na motsi. Ya goge wuƙarsa, ya ce in ba a gyara ba, baɗi kada a neme shi. Lambun nan kuwa shi ne abincin marayu biyar.

Me Yaya zai ce da ya gani? Na san ba zai yi faɗa ba. Tsugunnawa zai yi ya tsince 'ya'yan da suka faɗo, ya binne su a rami mai zurfi kamar kullum. Shirun nan nasa ne ke cin raina.

Jiya na cije na tambayi Binta ko gatarinsa na nan. Ta shiga ɗaki ta ɗauko, bakinsa sai walƙiya yake. Ta ce, “Gwaggonsu, duk shekara sai na kai shi an wasa, ina jiran ki tambaya.”

Allah ya jiƙanka, Yaya. Gobe da hannuna zan fara.