Hannun da ke ciwo Talata da Alhamis

Ga kacici-kacici, ku masu dangwala waya: wane hannu ne lafiyarsa ƙalau kwana biyar a mako, amma Talata da Alhamis sai ya kwanta ciwo? Ku riƙe shi tukuna.

Da safen nan labari ya same ni. Habiba ta rasu.

Ina zaune da koko a gabana waya ta yi ƙara. Babanta ne, Malam Sani mai faci na Badarawa. Ya ce zazzaɓi ne na kwana uku, da asuba Allah ya karɓi abarsa. A wayarta ya ga lambata, an rubuta "Kakata mai rigima", shi ya sa ya kira.

Kokon yana nan, ya daskare.

Ga waɗanda ba su san ta ba. Bara hawan jini ya kayar da ni, ɓarin dama ya shanye. Masu gashin ƙashi a asibiti suka yi nasu har na taka, hannun ne ya ƙi. Ni kuwa Saratu, da na tsufa ina tuƙa wa 'yan makarantar kwana tuwo, na rantse ba zan ci da hagu ba, ba kuma za a ba ni a baki kamar jaririya ba. Matar ɗana ta yi lallashi ta gaji. Na rame har zani yana neman zagaye ni sau uku.

Sai aka haɗa ni da Habiba, 'yar kwaleji da ta zo firatikal, wato koyon aiki a asibitin. Sunan karatun nata ya fi ƙarfin haƙoran da suka rage mini. Ita ta sauƙaƙa mini, ta ce masu gashi su tayar da hannu, su kuma su tuna masa aikin da ya manta: cokali, maɓalli, ɗaurin zani. Madam, malamarsu, ke tsara aikin, ita mataimakiya take koyon zama. Daga baya aka ba ta izinin biyo ni gida Hayin Banki, Talata da Alhamis, don a kaina za ta rubuta aikinta na ƙarshe.

Na ce mata duk karatun duniya sai na cokali ta zaɓa?

Ta ce, "Kaka, ke da cokali ya hana ki cin abinci, ke ce za ki raina shi?"

Tun ranar na sa mata Likitar Cokali.

Ta yanko robar tsohon tub na taya a wurin babanta, ta naɗe ƙotar cokali har ta yi kaurin muciya, don yatsuna su iya kamawa. Ranar farko koko har kunnena. Ita kuwa tana tsaye, hannuwa biyu a baya. Na ce yarinyar nan ba ta da imani. Ta ce idan ta ba ni yau, gobe tana aji wa zai ba ni?

Da azumi ma ta zo. Bakinta a bushe, ta zauna tana kallona ina kai loma, tana cewa saura ɗaya. Na ajiye mata buta da tabarma a ɗakina, ta yi sallarta ƙarƙashin kalandar cocinmu. Ba ta taɓa tafiya ba sai ta gyara mini matashi.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan.

Mako uku ke nan, wata Lahadi bayan mun taso daga coci, na ɗauki cokali tsirara, babu roba. Ya zauna a hannuna. Da rana na yanki tuwo da yatsuna na kai baki. Na yi kuka, na yi dariya. Sai kuma na tuna: ranar da ta rubuta na iya, ranar zuwanta ya ƙare.

Na ɓoye mata. Na kuma ja wa matar ɗana kunne.

Alhamis da ta wuce ta zo, ta rage roba zagaye ɗaya, ta miƙo mini. Na saki cokalin ƙasa da gangan. Har wani nishi na ƙara, don ni gwanar wasa ce.

Ta ɗauka, ta goge, ta daɗe tana kallon littafinta.

"Kaka, ko dai ni ce ban iya ba?"

Na ce sai ki ƙara karatu, Likitar Cokali. Ta yi murmushi, irin wanda bai kai ido ba. A bakin ƙofa ta ce za ta roƙi Madam ta duba mata inda ta yi kuskure.

Na so in kira ta. Na ce bari sai Talata, in tuƙa tuwo da kaina, in ɗaura ɗankwali a gabanta, in ga yadda za ta buɗe baki.

Ranar Talata ba ta zo ba. Na ce jarrabawa ce.

Yau Alhamis.

Yarinyar nan ta tafi tana zaton aikinta bai yi ba. Tsohuwa ce ta yi mata rowar abin da yake nata.

'Yan ajinsu, na san wasunku suna karanta ni. Ku gaya wa Madam, babu kuskure a littafin Habiba. Idan ana son shaida, ga ni, ku zo da kowane irin cokali.

Na ɗaura zanina da kaina, zan tafi Badarawa. Zan kai wa Malam Sani cokalin da robarsa, in faɗa masa a gaban uwarta abin da na hana 'yarsu ji.

Allah ya jiƙan Habiba, ya haskaka makwancinta, ya sanyaya zuciyar iyayenta. Ni kuma ya yafe mini wasan da na wuce gona da iri. Duk wanda ya karanta, ko masallaci kake zuwa ko coci, ka sa ta a addu'arka yau.

Hannun nan nawa ne, na dama. Da shi na rubuta wannan.