Malam Zarami Bunu da Yankan Kacala

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Zarami a shekarar 1951 a Garin Bunu, wani ƙauye da ke kusa da Baturiya a masarautar Haɗeja. Mahaifinsa Malam Bunu masunci ne, mahaifiyarsa kuwa Mairam ake kiranta. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma tun a makarantar allo malaminsa ya shaide shi da taurin kai, halin da mutanen garin suka ci moriyarsa daga baya, ko da yake sun jima ba su gode ba.

Sana'a da Iyali

Ya gaji sana'ar su daga mahaifinsa, ya haɗa da noman shinkafa a fadamar da ƙoramar garin ke shayarwa. A shekarar 1975 ya auri Saude, wadda suka zauna tare shekara arba'in da takwas.

Shekarun Kacala

Daga 1993 ciyawar kacala ta toshe ƙoramar, ruwa ya daina isa fadama, kifi ya yi ƙaranci, magidanta suka fara ƙaura zuwa Haɗeja. Jama'a suka duƙufa banka mata wuta kowane rani, ita kuwa da ruwa ya dawo sai ta tofo fiye da da. Malam Zarami ya lura cewa wadda ya yanke a ƙarƙashin ruwa domin jirginsa ya wuce ba ta cika tofowa ba, saboda kututturen kan nutse ya ruɓe. Ya bayyana wa dattawa haka, suka ce wane ne zai shiga ruwa har wuya alhali ga ashana.

A shekarar 1998 ya shiga da laujensa shi kaɗai. Matsattsaku suka sha jininsa, sanyi ya kama masa gwiwoyi, aka laƙaba masa Sarkin Kacala don zolaya, ya amsa sunan. Sai a shekara ta shida mutum huɗu suka bi shi, a ta tara kuma aka kira gayya. A daminar 2009 ruwa ya sake kwanciya a fadama, gidaje goma sha ɗaya suka dawo. Tun daga nan ake kiran ƙoramar Yankan Zarami.

Ƙarshen Rayuwa

Da ƙafa ta gaza, ya koma zama a bakin ruwa yana wasa wa matasa lauje. Tsoronsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye shi ba: kada a binne aikin tare da shi. Wasiyyarsa ga iyalinsa ita ce, "Kada ku zauna mini ya wuce kwana uku. Kacala ba ta zaman makoki."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 22 ga Agusta 2023, yana da shekara saba'in da biyu. Da yake ambaliya ta yanke hanya, a jirgi aka ɗauki gawarsa ta cikin ƙoramar da ya buɗe zuwa maƙabartar tudu, inda aka yi masa sutura bayan azahar.

Ya bar matarsa Saude da 'ya'ya huɗu: Shu'ibu, Bintu, Yunusa da Amira. Masu ta'aziyyar da suka iso daga Miga a rana ta huɗu sun tarar da tabarmi a naɗe, ƙofar gida ba kowa. Saude ce ta leƙo ta nuna musu hanyar ƙorama.