Mu Ruwa Muke Cewa

Shekarun baya, lokacin da maigidana ke da ransa da ƙafafunsa, ba abin da ke haɗa mu cacar baki kamar tsaraba. Ni ban yi boko ba, autata ce ke rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata. In kun ji maganar ta yanke wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi mani haƙuri.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Duk Maraɗi Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ni kuwa Malam nake cewa. Aiki ya kai shi Dosso, ya kai shi Agadas, ya kai shi Diffa, ni ina gida a unguwar Zariya da yara. Ko hutu aka yi ba ya zama, sai ya ɗale motar 'yan kasuwa wai zai ga inda hanya ta tsaya. Mazan maƙwabta su dawo da atamfa da turare, nawa ya dawo da tsinkakken takalmi, baki cike da labari. Ba zan ci amanarsa ba, yakan riƙo wa yara dabino da cuku. Amma ni tawa tsarabar daban take.

Tambaya guda gare shi, duk wanda ya gamu da shi sai ya sha ta. Ya nuna abu da haɓa, ya ɗaga gira, ya ce, "Ku mi kuke ce ma wannan?" Abin da ya samo shi yake juye mani ina tsakiyar surfe, yana kirana da sunan garinmu.

"'Yar Tsibiri, zo ki amshi tsarabarki. Zabarmawa hari suke ce ma ruwa."

"To Malam, harin zan ɗaura in tahi suna?"

Sai ya yi dariya har da buga cinya. "Buzaye kuma aman suke cewa. Fulani ndiyam."

"Duk dai ruwa ne. Matsa mani daga bakin turmi."

Da kunne ɗaya nake saurarensa, ɗayan yana kan tukunya.

Bayan ya aje aiki, wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallame mu muka shimfiɗa masa a rumfa, don bazara ce, ɗaki ba ya shiguwa. Mutumin da ko liman sai da ya gaji da tambayoyinsa, ga shi kwance shiru yana kallon kara. Ba wankinsa ba ne ya dame ni, ba juya shi ba. Abin da ke cina a rai, ban sani ba ko yana nan cikin jikin, ko ya riga ya tafi ya bar mani gangar.

Wata rana da hantsi ina yi masa fifita, babban ɗanmu da ya zo daga Yamai yana zaune gefe, sai bakin Malam ya motsa. Da ƙyar ya ce, "Aman."

Na zabura na kawo roba na tara masa a haɓa, ina jiran amai. Ya kau da kai. Can ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Hari. Hari."

Lokacin nan kowa maganar 'yan bindiga yake, ana ta jin abin da suke yi a ƙauyukan bakin iyaka. Yaron ya kama hannunsa. "Baba, ba wani hari. Gida kake, tsakiyar gari." Malam ya runtse ido, hawaye ya gangaro masa cikin kunne.

Ɗanmu ya ja ni gefe ya rage murya. "Inna, ina jin abin ya taɓa kan. Tsoro yake gani. Gobe mu maida shi asibiti a ba shi abin da zai riƙa sa shi barci, ya huta." Shi ma idonsa ya yi ja. Na gyaɗa kai, don ni ma na yarda.

Na zagaya bayan rumfa don kada Malam ya ga kukana. Nan randarmu take, wadda shi da kansa ya ɗauko daga Jiratawa a bayan babur, bayan ya wuni yana tambayar masu ginin tukwane yadda suke gane yumɓu. Na ɗebo ruwa a moɗa zan wanke fuska, sai na jiyo shi ta cikin zana, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi: "Ndi... yam."

Na tsaya da moɗar a hannu. Aman. Hari. Ndiyam. Sai na ji kamar ga ni a bakin turmi, ga shi yana buga cinya.

Da tsufana na ruga, rabin ruwan a zanena ya ƙare. Na tallabo kansa, na kai masa baki a hankali. Ya sha, ya huta, ya ƙara sha. Sa'an nan ya dube ni, ya nuna moɗar da haɓa, ya ɗaga girar da ke motsi.

Ɗanmu ya ce, "Inna, mi kuma yake so?"

Na ce, "Tambaya yake."

Na durƙusa daidai fuskarsa. "Ruwa, Malam. Mu ruwa muke cewa."

"Ru... wa." Rabin bakinsa ya yi murmushi.

Yaron nan ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ba wanda ya sake ta da maganar maganin barci. Ashe hankalin Malam garau yake. Hausar ce ta ɓace masa, sai guntayen abin da ya tsinto a hanya suka rage, da su yake ta ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Allah ya ara mana shi wasu shekaru bayan haka. Kullum ya nuna, ni in faɗa. Tabarma, ludayi, buta, ɗanwake. Wasu su zauna, wasu gobe sai an sake. Ni da ban taɓa taka ƙofar aji ba, ni ce madam mai koyarwa, Mushe ne ɗalibi, kuma ɗalibin akwai gardama. Wata rana na ga ya nuna ni da haɓa. Na zaci ni ma sunana ya ɓace masa, amma na dake na ce, "Wannan ai ba ta da suna, mai wanke maka riguna ce." Ya girgiza kai ya ce, "'Yar... Tsibiri." Ba tambaya yake ba, tsokana ce.

Ya rasu da damina, bayan sallar la'asar, ina riƙe da hannunsa mai lafiyar. Har yau ban saba ba, kuma na daina ƙoƙarin sabawa. Amma ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da bai taɓa ganin na yi ƙanƙanta da jin abin da ya gano a duniya ba, ko da ina korarsa daga bakin turmi. Da ya yi fushi ya daina kawo mani, da ranar nan na bar shi da ƙishinsa.

Randar tana nan inda ya kafa ta. Duk sanda na tsoma moɗa nakan kira ruwan da sunayensa duka, a hankali, kafin in sha. Allah ya jiƙanka Malam, ya shayar da kai. In ka isa can, na san sai ka tambaye su mi suke ce masa.