Maƙerin Wuƙaƙe Marasa Kaifi

Ƙira gadonsa ce, ba karambani ya yi ba. Ubansa ya bar musu maƙera a bakin titi, shi da ƙanensa, da uwar maƙera guda wadda guduma ta cinye tsakiyarta. Fartanya suke yi, da lauje, da gatari. Titin nan shi ke kai mutum wurin ruwan da ke zubowa daga kan dutse, to da aka fara kawo baƙi 'yan yawon buɗe ido su ga ruwan, sai manyan motoci suka riƙa tsayawa daidai ƙofar maƙerar.

Babban yana da ido. Ya lura baƙo ba ya sayen fartanya, ina zai kai ta? Sai ya fara ƙera 'yan wuƙaƙe masu zane a ƙota. Kaifi kuwa babu, domin direbobin sun ce mai kaifi ƙwace ta ake yi a filin jirgi. Wuƙar da ko tumatir ba za ta yanka ba, a saye ta kuɗin fartanya uku! Ya kuma gane cewa baƙi tartsatsi suke so. Da ya ji ƙarar mota sai ya cusa kowane guntun ƙarfe a wuta, ya ɗaure fuska, ya yi ta dukansa ana ɗaukar hoto. Ba abin da yake ƙerawa a lokacin, dukan banza ne.

Ƙanen ne ya zame masa matsala. Manoma na zuwa wurinsa da taɓo a ƙafa, su zauna kan bencin baƙi. Wata rana babban ya ce masa, a gaban mutane, "Kwashe tarkacen nan naka ka koma bayan kasuwa. Kana ɓata mini wuri."

"To, Yaya," in ji ƙanen. Ya ɗauki awartaki biyu da guduma ya tafi, ko uwar maƙera bai nema ba.

Shekara goma sha biyu garin na cin arzikin motocin nan. Mai shayi ya yi rumfar kwano, masu gidaje suka fitar da ɗakunan haya, samari suka bar gona suka zama 'yan rakiya. Sai aka yi sabon titi ta ɗaya gefen dutsen. Cikin wata uku motoci suka ɗauke ɗif. Ɗakunan haya suka koma wurin ajiyar buhuna, 'yan rakiya suka fara tambayar ina iyakar gonar ubansu take.

Babban bai damu sosai ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, haka ya gaya wa matarsa. Ai gari ya koma noma, noma kuwa sai da fartanya, shi ma ɗan gado ne.

Wanda ya fara kawo masa aiki wani tsoho ne, aminin mahaifinsu. Maƙerin ya zage ya ƙera fartanya mai kyan gani, har ya yi mata ɗan zane a wuya saboda sabo. Amma da aka zo wurin tsoma ta a ruwa sai hannunsa ya tsaya. Akwai wani launi da ƙarfe ke yi, tsakanin ja da jan da ya fara mutuwa, wanda in ka kuskure shi ƙarfen ya yi taushi ko ya yi gautsi. Da can ko yana hira yake gane shi. Yanzu ya zura ido, duk ja ɗaya yake gani. Ya tsoma da ka, ya ce Allah ya sa a dace.

Kwana biyu bayan ruwan shuka, yana zaune cikin gida, matarsa ta ce ana sallama ta ƙofar baya. Tsohon ne, riƙe da abu a naɗe cikin buhu. Ya buɗe a hankali. Fartanyar ta rabe gida biyu.

"Sara na huɗu ta yi haka, ɗana," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Na biyo ta baya ne don kada a gani. Ban kai wa ƙanenka ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Wataƙila ƙarfen ne ba shi da kyau."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, su biyun sun sani. Kunya ta rufe maƙerin har ya kasa ɗaga kai, ga mutum mai shekara saba'in ya rasa kwana biyu na shuka, ya kuma zo yana rufa masa asiri.

"Baba, ka ba ni lokaci zuwa la'asar," ya ce.

Ya ɗauki buhun ya bi ta tsakiyar kasuwa. Ƙanen na ƙarƙashin wata rumfar buhu, yana aiki a kan guntun ƙarfen mota, manoma kusan goma na jiransa. Da ya ga wansa sai ya miƙe.

"Yaya, lafiya? Ai da ka aiko na zo."

Babban ya zazzage buhun a ƙasa. Ƙanen ya ɗauki ɓari ɗaya, ya dubi bakin karayar, ya ga zanen da ke wuya. Sai ya tura ɓarin biyu ƙarƙashin benci da ƙafa.

Babban ya naɗe hannun riga, ya durƙusa bayan zugazugi, wurin da almajirin ƙira ke zama a shekararsa ta farko. Ya kama zuga.

"Haba Yaya, don Allah tashi," ƙanen ya ce a hankali. "Mutane na kallo."

"Bar su su kalla. Shekara goma sha biyu ana kallona ina dukan banza, ban ji kunya ba." Ya ci gaba da zuga, gawayi ya fara ja. "Fartanyar aminin mahaifinmu ce, sa ƙarfen a wuta. In launin ya zo, ka nuna mini."