Ɗan Shayarwa a Asusun Tsofaffin Sojoji

Ni ban taɓa sa kaki ba, ban taɓa riƙe bindiga ba, amma a bariki aka haife ni, a bariki na yi wayo. Mahaifiyata tuwo take sayarwa a kasuwar bariki. Da ta haife ni ciwo ya kwantar da ita, nono ya ƙafe, sai maƙwabciyarta, matar wani soja direba, ta ɗauke ni ta haɗa da jaririyarta ta shayar da mu tare. Mahaifina dama ya rasu tun ina ciki, kuma mahaifiyar tawa ba ta tashi daga wannan ciwo ba. Matar nan ita nake kira Inna, mijinta nake kira Baba. Allah ya jiƙan Baba, in ya zaro bel zai zane mu bai taɓa rage mini ko ɗaya ba don wai ni ba nasa ba ne.

Yanzu tankar ruwa nake ja a Madina, ina kai ruwa gidaje da gonakin dabino a Jurf. Aiki ne na rufin asiri. Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, mutum ne mai sauƙin kai, iƙamata ta izinin zama ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, kuma ina sallah a masallacin Annabi duk ranar da na ga dama. Me kuma zan nema?

Ina cikin wannan zama 'yar'uwata da muka sha nono tare ta kira ni ta ce idon Inna na tafiya. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, gani ne ke raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Inna kuwa magana ɗaya take ta maimaitawa: tana so ta ga koriyar ƙubbar masallacin Annabi da idonta, ba a jikin kalanda ba. Kawo ta umra ya fi ƙarfin albashina a tashi ɗaya, in kuma na ce sai na tara, idon ba zai jira ni ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

To, akwai tsofaffin sojojin gida da ke aiki a nan, yawancinsu masu gadi ne da direbobi. Suna da asusu nasu, kowane wata kowa ya zuba, wanda buƙata ta kama a ba shi rance ba ruwa. Ƙa'idar shiga gajeriya ce: tsohon soja, ko matarsa, ko 'ya'yansa. Ranar Juma'a bayan la'asar suke haɗuwa a harabar wani gini a unguwar Ƙurban, inda shugabansu ke gadi. Saja suke ce masa har yau, dattijo ne mai furfura wanda ko shayi zai zuba sai ya miƙe ƙirji.

Na je da ƙwarin gwiwata, na gaishe su, na ce ni ɗan soja ne. Na faɗi barikin, na faɗi aikin Baba. Saja ya gyaɗa kai, ya ce ya taɓa zama a barikin. Har an fara yi mini maraba, sai bakina ya ja mini, na ba su labarin shayarwar, don ni a wurina abin alfahari ne.

Akwai wani a cikinsu, Kofur, gajere mai bakin tsiya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Tsaya, tsaya, ya shehu. Kai ɗan soja ne, ko ɗan nonon matar soja?"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Kofur, Baba ne ya yanka mini ragon suna, shi ya yi mini aure."

Ya ce, "Allah ya saka masa. Amma da ya rasu ka ci gadonsa?"

Na ce ban ci ba. Ya ce to halas, magana ta ƙare. Ɗan shayarwa muharrami ne, ba mai musu, amma ba ya gado. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe duk wanda ya taɓa shan kunu a bariki zai zo ya ce shi ɗan janar ne.

Wallahi raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "Ku riƙe asusunku! Ni ba gado na zo ci ba, tsohuwa nake so in kawo kafin ta makance." Na juya zan fita, takalmina ma ƙafa ɗaya na sa.

Saja ya daka mini tsawa irin ta fareti: "Kai! Dawo ka zauna." Ban san lokacin da na zauna ba.

Ya ce gaskiyar Kofur ce, ƙa'ida ba ta san ɗan shayarwa ba, kuma shi ba zai karya ta don ni ba. Sannan ya tambaye ni, "Ita tsohuwar, ta sake aure bayan mijinta?" Na ce a'a. Ya ce, "To ai matar soja ce. Kujerarta na nan tun kafin ka shigo."

Kofur ya ce ai ba a Madina take ba. Saja ya dube shi ya ce, "A ina ƙa'ida ta ce sai tana Madina?" Kofur ya sosa ƙeya. Nan aka tsayar da magana: Inna ce 'yar asusu, ni wakilinta ne, ni zan riƙa zubi da sunanta, kuma da sunanta za a ba da rancen.

Ba zan ɓoye ba, kalmar wakilin nan ta tsaya mini a wuya. Mutum da uwarsa a ce masa wakili? Amma na haɗiye, don ba girma na zo nema ba.

Da Inna ta iso, tare da 'yar'uwata da ke riƙe mata hannu, sai da na yi ƙwalla a filin jirgi. Ta rame, tana tafiya tana laluben ƙasa da ƙafa. Saja da Kofur sun zo masauki gaishe ta, har da dabino. Kofur, da yake bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Hajiya, wakilinki ya yi ƙoƙari."

Inna ta juyo wajen muryarsa ta ce, "Wane ne wakili? Wannan? Kai yaro, shekara biyu yana tsotsona har da cizo, ka ce mini wakili? Ɗana ne." Kofur ya ce tuba yake, Saja ya yi dariya har da tari. Ƙa'ida dai ba ta canza ba, har yau wakili nake a wurinsu, kuma na daina jin haushi. Kofur ma yanzu abokin shan shayina ne, ko da yake bai daina kirana ɗan nono ba.

Washegari da hantsi na kai ta harabar masallaci, ta gefen da ƙubbar take fitowa sosai. Ban san abin da ya rage a idon ba. Na tsayar da ita, na ɗaga mata haɓa kaɗan, na leƙa fuskarta ina tambaya, "Inna, kina gani? Ga ta can sama. Kina gani?"

Ta yi ta ƙifta ido, leɓenta na motsi da salati. Sai hawaye ya gangaro mata. Ta sa hannu ta ture ni.

"Koriya ce shar," in ji ta. "Kai dai matsa gefe, wannan ƙaton kan naka ya tare mini rabi."

Na matsa.