Allon da Malama Laraba Ta Ƙi Ɗaurewa

Ranar Talata da hantsi Malama Laraba ta jiƙa tsumma ta goge kifin karo na huɗu. Tarwaɗa ce ta zana da alli a kan baƙin allo mai tsawon ƙyauren ɗaki, kuma duk wanda ya leƙo zai ce kifin ya yi. Ita ta ce bai yi ba. Ta matse tsumman, ta je bakin famfo, ta dawo ba ta ɗebi ruwan ba, ta sake tsayawa gaban allon.

'Yar Kagoro ce, aure ya kawo ta Kaduna. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a wata firamare a Unguwar Shanu, kuma abin da aka san ta da shi rubutun allo ne. Ba ta taɓa ɗora rula ba, amma layinta kan tafi ɗoɗar daga wannan kusurwa zuwa waccan. In baƙi suka zo daga ofishin ilimi, ajinta hedimasta yake fara kai su. Da ta yi ritaya sai ta rubuta wa wata 'yar cocinsu allon sayar da abinci, don kawai hannu kada ya kwanta. Daga nan masu aski suka biyo, da masu shayi, har da sababbin gidajen cin abinci na Unguwar Rimi, waɗanda suka gano allon hannu ya fi bana, ƙyallen tallan nan da inji ke bugawa, fitowa a hoto.

Aikin yana da tsarinsa. Za ta sayo fallen katako, ta goge da samfefa, ta shafa baƙin fenti sau biyu. In ya bushe sai ta kwantar da alli ta shafe fuskar duka, ta kakkaɓe, don allon ya karɓi rubutu. Sannan zane. Mataki na ƙarshe shi take kira ɗaure allo: ta sirka banish, man nan mai sheƙi na kafintoci, ta zuba a tsohon famfon feshin sauro na ƙarfe, ta ja baya taku uku, ta fesa sama-sama kamar raɓa. In aka sa burushi, allin narkewa yake. In aka matso kusa, ɗigo ɗaya ya isa ya cinye harafi. Amma in an ɗaure daidai, ko ruwan Agusta ba ya taɓa rubutun. Ita kanta ma ba ta isa ta gyara komai ba bayan nan.

Allon tarwaɗar na Sharhabil ne, wani mai gasa kifi da zai buɗe shagon kansa bayan sallar Juma'a. Mutum ne mai shekara talatin da wani abu, mai faɗin kafaɗa, kuma ta koyar da shi a aji huɗu. Abu uku ya nema: sunansa a sama da manyan baƙaƙe, kifi a tsakiya, lambar waya a ƙasa. Sunan ta gama tun makon jiya. Jikin kifin ma bai ba ta wahala ba. Gashin bakin ne. Layuka ne sirara dogaye, da ake ja a numfashi ɗaya ba a ɗaga alli, kuma tun watan Mayu hannunta na dama ya fara rawa.

Ba rawa ce mai yawa ba. A gajeren layi tana iya ɓoye ta, ta danne allin, ta kaurara harafi. A dogon layi siriri babu wurin ɓuya. Ba ta gaya wa kowa ba, asibiti ma ba ta je ba.

Da azahar Sharhabil ya kira waya.

"Malama, barka da aiki. Kifin namu ya fito daga ruwa kuwa?"

"Ka ga garin nan? Danshi ne ko'ina. In na fesa banish yanzu fari zai yi kamar madara, ka zo kana min kuka."

"To, Malama. Amma Juma'a fa."

"Na san Juma'a. Kafin a haife ka ake yin Juma'a."

Maganar danshin gaskiya ce, shi ya sa ta ji daɗin fakewa da ita. Sai dai rana ta fito ƙwal ran Litinin, ta sake fitowa ran Laraba, famfon feshin yana rataye a ƙusa ba a taɓa shi ba. Mijinta Irmiya, tsohon direban ma'aikata, yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa yana kallon komai.

"Maman Precious, wannan kifin naki ya fi na kasuwa shan wanka."

"Baban Precious, ka ji da labaranka."

"Ina ji. Na dai lura kwanan nan rabin kofi kike zuba shayi."

Ta juya masa baya. Ya murɗa rediyon.

Da allon wani ne, da tuni ta ɗaure ta miƙa. Allo uku ta sallama tun Mayu, ba wanda ya ce uffan, don masu su ba su san hannunta na dā ba. Sharhabil ya sani. Shekara guda ya yi yana kallon wannan hannun daga bencin baya. Kuma akwai abin da take kaucewa tunawa: a ƙarshen kowane zango takan jera sakamakon jarrabawa a allo, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma sau uku sunan Sharhabil ne ya rufe jerin, can ƙasa inda sai ta sunkuya take rubutawa. Bai gama aji shida ba. Tun ranar da ya shigo gidan ya durƙusa ya gaishe ta take tambayar kanta me ya kawo shi. Masu buga bana sun cika titi, awa biyu sun gama masa. Ko ya zo ne ya ga ta rubuta sunan a sama? In haka ne, ba za ta ba shi damar cewa hannun da ya sa shi a ƙasa ya lalace ba.

Ran Alhamis ta gwada dabaru. Ta jingina gwiwar hannu da bango. Ta riƙe wuyan hannun da na hagu. Ta fere allin ya yi tsini, ya karye. Ta jiƙa wani, ya yi kauri kamar igiya. Ta zana tarwaɗa mai gajeren gashin baki, ta dube ta, ta ga ba tarwaɗa ba ce, ta goge. Tuwon rana ya huce a kwano. Da la'asar ta ja layukan yadda suka zo, ta kife allon a bango.

Ran Juma'a da ƙarfe tara Sharhabil ya yi sallama, ya bar mai keken haya yana jira a waje. Ya gaida Irmiya, ya juyo allon da kansa, ya ƙare masa kallo.

"Malama, ai an gama."

"Ba a ɗaure ba. Ka dubi gashin bakin."

Ya sunkuya ya duba. "Na gani. Ya ɗan yi lanƙwasa-lanƙwasa."

Da ya ce bai ga komai ba, da ta kore shi. Ta miƙa hannun a tsakaninsu, yatsun suna kaɗawa a fili. Karo na farko ke nan da ta nuna wa wani da gangan.

"Ka gani? Ka je a buga maka bana, za ka samu kafin a sauko daga Juma'a. Ko dama abin da ka zo nema ke nan, ka ga na rubuta ka a sama?"

Ya yi 'yar dariya, ya shafa ƙeya. "Shi ne mana, Malama. Zan yi miki ƙarya? Shekara ashirin da biyar ina ganin sunan nan a ƙasan allo. Na ce ranar da na yi shago, ke za ki mayar da shi sama, kuma a yi masa abin da ba zai gogu ba."

"Wato ramuwa."

"Ramuwa kaɗan. Sauran kuma, wallahi ban taɓa ganin wanda ya rubuta sunana da kyau kamar ke ba, ko a ƙasan ne."

Irmiya ya tuntsire da dariya daga ƙarƙashin mangwaro. Ita ba ta yi ba. Ta sauko da famfon, ta sirka banish, ta ɗaga, ta ga bakinsa yana lilo. A haka ɗigo zai zubar. Ta tsaya da shi a hannu har mai keken ya danna oda.

"Karɓi," ta ce. "Ja baya. Taku uku na ce, naka takun ya yi faɗi, dawo kaɗan. Sama za ka fesa, ka bar shi ya sauka da kansa. A hankali! Ba sauro kake kashewa ba."

"To, Malama."

Sau uku ya fesa, tana tsaye a kansa, tana sa shi jira tsakanin kowane feshi. Allin ya dusashe, sannan ya dawo fari tas da man ya sha iska. Gashin bakin ya zauna yadda ta ja shi, da duk kakkarwarsa.

"Ka rataye shi can sama," ta ce da suna ɗora shi a keke.

"A bakin ƙofa zan kafa shi, Malama, daidai ido."

Da suka tafi ta wanke famfon, ta shiga ɗaki, ta fito. Akwai wani fallen katako a jingine, na Rakiya mai sayar da awara a Rigachikun, wadda ta kawo tun makon jiya. Ta ɗauki waya ta kira ta.

"Rakiya, kafin in taɓa allonki ki zo ki ga hannuna. Ya fara rawa. In kin ga ba zai yi miki ba, ki ɗauki katakonki, ba zan ji haushi ba."

Rakiya ta yi mata sannu, ta ce za ta shigo gobe in Allah ya kai mu. Malama Laraba ta ajiye wayar. Ta gaya wa Irmiya ran Litinin zai kai ta asibiti, kuma kada ya ce mata komai a kai. Sannan ta jawo katakon ta fara goga masa samfefa.