Rigar 'yar tsanata

Na haura hamsin kafin na sayi 'yar tsana, irin mai gaɓoɓin nan da hannu da ƙafa ke lanƙwasuwa kamar na mutum. A kantin wani Badamagare na gan ta nan Gure, tsirara cikin kwali. Da ƙuruciya ta karan gero kawai na samu. Na rantse wannan ba za ta zauna haka a ɗakina ba.

Na kai ta wurin telana. Ya jujjuya ta yana dariya.

"Hajiya, jika uku. Hannun rigarta ya fi naki wuyar ɗinki."

"Kai malam, tawa jika biyu kake karɓa. Ita gidan biki za ta?"

"To ki yafa mata hankici."

Na ce ya tattaro mini ƙyallayen atamfata da ya saba zubarwa, ai nawa ne. Na karɓi metir ɗinsa na awon tufa. Ya ɗauka ban san lamba ba, bai san shekara biyu na yi kan tabarma a ajin yaƙi da jahilci ba. A gabansa na auna ƙirjinta da kafaɗarta, na rubuta a tafin hannuna.

Kwana huɗu na yi ina fama da allura. Rigar ta ƙi shiga, don kanta ya fi wuyan rigar girma. Na farke, na tsaga bayan, na sa maɓalli, ta zauna daram.

Tun daga ranar, duk atamfar da na yanka, saura nata ne. Zare kawai nake saya mata.